Zango Ɗaya Na Rasa, Shekara 22 Na Yi Ina Biyan Bashinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina son rubuta wannan labari ina fasawa, domin akwai wani wuri a tsakiyarsa da har gobe in na tuna sai na sunkuyar da kai. Amma ɓoyewar ba ta amfani kowa ba, ni ma ba ta amfane ni ba. Ba zan ambaci sunan mutum ko na makarantar da na yi ba. Waɗanda suka kyautata mini Allah Ya san su, waɗanda suka yi sakaci da ni kuma na yafe.

A garin Gombe aka haife ni a 1983, lokacin muna cikin Jihar Bauchi. Baffanmu, wato mahaifinmu, ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi. Gidanmu gidan yawa ne: iyayenmu mata biyu, mu 'ya'ya goma sha ɗaya, ga kakarmu mahaifiyar Baffa. A firamare ban taɓa wuce ta uku ba. Jadawalin ninkin nan da ke bayan littafin rubutu na haddace shi har sau goma sha biyu tun ina aji huɗu. In Baffa ya dawo kasuwa bayan magariba yakan zube kuɗin ciniki a kan buzu ya ce in ware masa, 'yan naira ashirin daban, 'yan hamsin daban, in faɗi jimla. In na faɗa daidai sai ya dubi Inna ya ce, "Wannan malamar asibiti ce." Maganar ta zauna mini a zuciya tun ban san me ake karantawa a zama hakan ba.

A watan Satumbar 1995 na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, makarantar jeka-ka-dawo. Zangon farko bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Manyan lambobi ne, da lambobin Romawa, da rabi da sulusi da rubu'i, da yadda ake nemo ƙaramar lambar da lambobi biyu ko uku za su iya raba ta ba saura. Na ci 78 a lissafi, kuma a benci na gaba nake zama.

Bayan ƙaramar Sallah ta 1996, da zafi ya fara shigowa, sanƙarau ya ɓarke. Duk wanda ya yi wayo a Arewa a lokacin ya san shekarar. Mutum fiye da dubu 100 suka kamu a ƙasar nan, sama da dubu 11 suka rasu, har Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga aikin Hajji. Ni da daddare ya kama ni. Kaina ya dinga sarawa kamar ana daka a ciki, kafin asuba wuyana ya ƙi lanƙwasuwa, ko hasken aci-balbal ba na son gani. Hamma, yayanmu, shi ne ya ɗauke ni a mashin, Inna ta riƙe ni ta baya. Asibiti ya cika, sai a gindin bishiya aka shimfiɗa mini tabarma, aka rataye ruwan da ake ƙara mini a jikin reshe. Yarinyar da ke tabarmar kusa da ni ba ta kwana biyu ba. Na ga lokacin da mahaifiyarta ta naɗe tabarmar.

Allah Ya tashi kafaɗuna. Mako uku na yi a asibiti, wata biyu kuma a gida ina koyon tafiya, domin in na miƙe sai ƙasa ta riƙa juyawa da ni. Kowa ya yi murna na tsira da hankalina da ƙafafuna. Abin da ba wanda ya lura da shi, har ni kaina, shi ne kunnena na hagu ya mutu murus, na dama kuma ya ragu. Aka ce ciwo ya mayar da ni miskila. Inna takan kira ni sau uku kafin in amsa, ta ce na koyi raini.

Na koma makaranta a tsakiyar zango na uku. Mun haura 80 a ajin, wurina na gaba wata ta zauna, sai aka tura ni can baya, jikin bangon dama. Wato kunnena mai ji yana fuskantar taga, inda masu sayar da gyaɗa da ƙanƙara suke hayaniya, mataccen kuma shi ke fuskantar malami. Na ɗaga kai na dubi allo. A sama an rubuta 5 − (−3) = 8. A ƙasa kuma 2x + 3 = 11. Na bar lissafi da lambobi zalla, na dawo na tarar an zuba masa haruffa, an kuma ƙirƙiro lambobin da ba su kai sifiri ba. Ta yaya za a ɗebe abu daga biyar a samu takwas? Na ɗaga hannu na tambaya. Malamin ya ba da amsa fuskarsa na kallon allo, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ce, "Na'am?" Aji ya fashe da dariya. Wadda ke kusa da ni ta ce mini ya ce an gama wannan tun zangon da ya wuce. Daga ranar ban sake ɗaga hannu a darasin lissafi ba har na bar sakandare.

Mutane sukan tambaye ni yadda aka yi na ci sauran darussa da kunne ɗaya amma lissafi ya gagare ni. Dalilin a fili yake. Malamin bayoloji ko na addini zai rubuta bayani a allo, in kwafa, in je gida in karanta har in gane. Lissafi ba haka yake ba. Malami zai rubuta layi na farko, ya rubuta na biyu, amma dalilin da ya sa aka tashi daga wancan zuwa wannan a bakinsa yake, kuma yana faɗarsa ne ya ba aji baya yana rubutu. Ni kuwa a lokacin, ba tare da na sani ba, rabin jina da ido nake yinsa, ina kallon laɓɓan mai magana. Littafina na lissafi ya fi na kowa tsabta. Kowane layi na kwafe shi daidai, ban san abin da ya haɗa shi da na samansa ba.

Manhajar lissafi ta sakandare kamar ginin bulo take, kowane sahu a kan na ƙasa yake zaune. A aji biyu aka kawo buɗe baka da rufe ta, a ninka abin da ke waje da duk abin da ke ciki. In alamar ɗebewa ce a waje, dole alamomin ciki su juya, ni ban san me ya sa ba. Aka kawo ƙa'idar Fitagoras ta alwatika mai kusurwa 90, wadda in gefe biyu suna 3 da 4 to dogon gefen 5 ne. Wannan na so ta, don ana ganinta da ido. A aji uku aka kawo lissafi mai x da y tare, wanda sai an ɗebe layi ɗaya daga ɗaya kafin harafi guda ya ɓace, nan ma ramin nan na faɗa. Nakan ci 31, 28, wani zangon 35. Ba wanda ya taɓa maimaita aji a cikinmu. Ana tura mu gaba kamar garke, katin sakamako kuma Baffa ba ya karanta Turanci, Hamma ke duba masa, shi ma matsayina a aji kawai yake kallo, wanda sauran darussa suke rufa wa asiri.

Da na shiga babbar sakandare a 1998 na zaɓi ajin kimiyya, saboda maganar Baffa. Ya saya mini gwangwanin kayan lissafi sabo, da kamfas da ma'aunin kusurwa da rula a ciki, da siririn littafin nan mai cike da jerin lambobi da muke kira fo-figa tebur. A zangon farko aka fara logaridim, dabarar da ke mayar da ninkawa tarawa, rabawa kuma ɗebewa. Na fara jin daɗinta, sai aka iso lambobin da ba su kai ɗaya ba, inda ake ɗora wani ɗan layi a kan lambar farko ana cewa ba-wan, ba-tu. Ashe ɗan layin nan alamar ƙasa da sifiri ce ta sake kama. A aji biyu aka zo kan kwadiratik da doguwar ƙa'idarsa mai farawa da −b, muka haddace ta kamar karatun allo, har yau zan iya kawo ta ba gargada. Amma da zarar an ce c tana ƙasa da sifiri sai in rasa ko tarawa zan yi ko ɗebewa. In ana zana giraf, duk abin da ke hagu da sifiri duhu ne a wurina. A darasin sain da kosain da tanjan, da kusurwa ta haura 90 sai kosain ya faɗa ƙasa da sifiri. Ko'ina na juya abu ɗaya ke jirana, darasin mako biyu ko uku da aka yi ina kwance a gindin bishiya.

Akwai abin da nake iyawa. Zane da kamfas, a raba layi gida biyu daidai ko a fitar da kusurwa 60 ba tare da an auna ba, har 'yan ajinmu kan kawo mini in yi musu. Ƙididdiga ma haka, da da'irorin nan masu shiga juna da ake nuna waɗanda suke cikin rukuni biyu a lokaci guda. Ko malami ɗaya bai tsaya ya tambayi kansa me ya sa yarinyar da ke iya waɗannan take faɗuwa a sauran ba. Ba na zarginsu da mugunta. Mutum ɗaya da ajujuwa shida ko bakwai, wani zangon ma sai ɗan bautar ƙasa da ba ya jin Hausa. Amma wanda yake dukan yaro bulala biyar don bai kawo amsa ba, yana da lokacin da zai ce masa, "Zo nuna mini inda ka tsaya."

A 2001 na zauna WAEC da NECO, wadda a lokacin sabuwa ce, shekararta ta biyu ke nan da fara jarrabawar kammala sakandare. Na ci Turanci da bayoloji da kemistiri da Hausa da addini da kiredit. Lissafi F9 a WAEC, E8 a NECO. Fiziks ma ya bi shi, domin ɗan'uwansa ne. Ba makarantar aikin jinya da za ta dubi takardar da ba kiredit a lissafi, wato daga C6 zuwa sama. Da Hamma ya karanta wa Baffa, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana jan carbinsa, sannan ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A 2002 aka yi mini aure, na haifi ɗan fari a 2003. Yanzu ga wurin da na ce ina jin kunyarsa. A 2004 wata ƙawata ta ba ni labarin wata makaranta a wani ƙauye inda in ka biya kuɗi ake rubuta amsa a allo ranar jarrabawa. Na san haramun ne, ba wanda ya yaudare ni. Na yi mako biyu ina kai-kawo da zuciyata, ina ce wa kaina ai darasi ɗaya ne, ai ciwo ne ya cuce ni, ai kowa ma yi yake. Na sayar da 'yan kunnen zinaren lefena, na ce wa maigidana kuɗin rajista da darasin yamma ne. Na je da goyo na zauna, na kwafe abin da aka rubuta a allo kamar yadda na saba kwafewa shekara shida. Da sakamako ya fito aka ce an riƙe na cibiyar gaba ɗaya, daga baya aka soke. Ba zinare, ba takarda, ga ƙaryar da na yi wa mutumin da bai taɓa hana ni komai ba. Sai bayan shekara biyu na iya gaya masa gaskiya. Ya yi kwana uku ba ya cin abincina, a na huɗu ya ce ya yafe, kada a sake tayar da maganar. A yau ina gode wa Allah da aka soke sakamakon nan. Da ya fito, da na shiga asibiti ina auna wa 'ya'yan mutane magani da kan da bai san inda ɗigo ke zama a lamba ba.

Na naɗe maganar boko na ajiye. Na sayi keken ɗinki. In wani ya yi zancen makaranta sai in ce ni kaina ba ya ja.

A 2008 na kai 'yata asibitin tarayya na Gombe saboda kunnenta na zubar da ruwa. Likitan ya lura ina karkato masa da gefen dama duk lokacin da ya yi magana. Da ya gama da yarinyar sai ya ce, "Hajiya, zauna in duba ki." Ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya kawo kusa da kunnena na hagu. Shiru. Ya tambaye ni ko na taɓa yin sanƙarau. Na ce a 1996. Ya ce ciwon yakan bar wannan, sannan ya tambaye ni yadda na yi na gama sakandare a haka. A cikin Keke Napep na yi kuka har gida. Shekara goma sha biyu ina ɗaukar kaina daƙiƙiya.

Amma abin da ya tayar da ni tsaye rasuwar Baffa ce, a 2013. Bayan an yi arba'in aka kira malami rabon gado. Ya zauna a zaure, mu mata muna daga ƙofar ciki, ni kuma na matsa inda zan ga bakinsa. Ya ce matan mamaci suna da sumuni tunda akwai 'ya'ya, mahaifiyarsa tana da sudusi. Ya ce to a nemi asalin mas'ala, lambar da takwas za ta raba, shida ma ta raba. Kafin ya rufe baki zuciyata ta ce 24. Ya ce 24. Mata uku, uwa huɗu, saura 17. Maza shida kowanne kaso biyu, mata biyar kowacce kaso ɗaya, 17 cif. Sai ya ce amma uku ba ta rabuwa tsakanin mata biyu, don haka a ninka asalin ya koma 48, kowace mata ta sami uku, kaka takwas, namiji huɗu, mace biyu. Tun daga farko har ƙarshe ina gabansa da taki ɗaya. Wannan shi ne darasin zangon farko na aji ɗaya, wanda na ci 78. Yana nan inda na bar shi, bai ruɓe ba. A daren ban yi barci ba. Na gane kaina lafiya lau yake, tsayawa kawai na yi a wani wuri, kuma na san wurin.

A watan Satumbar 2014 ɗana ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Duk wanda ya tashi a Gombe ya san kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na zama hira da shi, a gaban mutane ko kallonsa ba na cika yi ba. Zango na farko na riƙa ɗaukar littafinsa a ɓoye in ya yi barci. Da aka shiga na biyu, ranar da na buɗe na ga lambobi masu alamar ɗebewa a gabansu, sai gabana ya faɗi kamar na ga wanda nake gudu saboda bashi. Na kwana biyu ina shawara. A na uku, bayan isha'i, na ce, "Kai, zo nan. Wannan abin da aka koya muku yau, nuna mini." Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Umma, ke?" Na ce, "Ni. Kuma ka dube ni in kana magana."

Ya ɗauko gawayi a murhu ya ja dogon layi a kan simintin tsakar gida, ya sa sifiri a tsakiya, lambobi dama da hagu. Ya ce in tsaya a kan biyar. Tarawa a fuskanci dama, ɗebewa a fuskanci hagu, lamba mai alamar ɗebewa kuma tafiya ce da baya. Na fuskanci hagu, na yi taku uku da baya. Na dubi ƙafata, tana kan takwas. Na koma na sake. Na sake har sau biyar, ƙannensa suna leƙe ta labule. Sai na ce masa, wato kamar wanda ake bi bashin naira uku ne aka ce an yafe masa, ai ƙaruwa ya yi. Ya ce shi ke nan. Abin da ya rufe mini ƙofa shekara goma sha tara bai ɗauki rabin awa ba.

Ninka lambobi biyu masu alamar ɗebewa a samu mai alamar tarawa ya fi ba ni wuya, shi ma yaron haddacewa ya yi. Ni na gano ta da kaina wata rana ina jiran shinkafa ta tsotse. Na rubuta 3 sau −2, ya ba ni −6. Biyu sau −2, −4. Ɗaya sau −2, −2. Sifiri, sifiri. Kowane sahu amsa na ƙaruwa da biyu. To in na sauka zuwa −1 sau −2, ina za ta je in ba 2 ba? Na ajiye birona na yi hamdala a fili. Da ya dawo makaranta ni na koya masa.

Shekara uku muka yi a haka, ina bin littafinsa aji bayan aji, da rana ɗinki, da dare lissafi da fitilar waya. Matan unguwa sun yi ta magana, wata ma ta ce wa Goggo na zubar da girmana a gaban ɗan fari. Maigidana ya ce in rabu da su. Da yaron ya gama aji uku a 2017, sai 'yar maƙwabtanmu da ke karanta lissafi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Gombe ta karɓe ni, ina yi mata ɗinki tana koya mini na babbar sakandare. Sharaɗina ɗaya, ta zauna a damana, ta fuskance ni, kuma kada ta tsallake layi. Abin mamaki, logaridim da kwadiratik da suka hana ni barci a da, cikin wata biyu suka kwanta. Darasin da ya fi shiga raina shi ne na layukan da aka zana wa duniya. Ta ce Gombe tana wajen digiri 10 arewa, 11 gabas, Makka kuma wajen 21 arewa, 40 gabas, kuma kowane digiri 15 awa ɗaya ce. Na ɗebe 11 daga 40 na raba, na ga kusan awa biyu. Ashe shi ya sa in alhazanmu suka kira suka ce sun sha ruwa, mu a nan rana tana sama. Ƙa'idojin kusurwoyin cikin da'ira kuwa har yau ba mu gama shiri da su ba.

A ƙarshen 2018 na zauna jarrabawar 'yan waje da ake kira GCE, ina da shekara 35, a tsakiyar yara sa'o'in ɗana. Takarda ta farko tambaya 50 ce ta zaɓi cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu awa biyu da rabi, tambaya biyar na dole, sannan a zaɓi biyar daga cikin takwas. Na je wurin mai sa ido tun kafin a fara na ce masa ba na ji sosai, in zai yi sanarwa ya zo kusa da ni. Wannan maganar da na iya faɗinta a 1996, da rayuwata ta bi wata hanya. Wani yaro a bayana ya turo mini takarda a dunƙule, na sa ƙafa na mayar masa ban waiwaya ba.

Ɗana ne ya duba mini sakamakon a waya. Ya miƙo mini bai ce komai ba. Lissafi C5, fiziks C6. Na ɗauki mayafi na tafi gidanmu na nuna wa Inna. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta riƙe wayar da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Da na san ba kya ji ne, da ban ce kin raina ni ba." Muka zauna muka yi kuka tare, muka yi wa Baffa addu'a.

Ban zama cikakkiyar ma'aikaciyar jinya ba, shekaru da yara da kuɗi ba su bari ba. Na haɗa sakamakon 2001 da na 2018 na shiga makarantar koyon aikin lafiya da ke Kaltungo, na yi kwas ɗin ƙananan ma'aikatan lafiyar al'umma, korona ta ja mana lokaci, na gama a 2022. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a bayan gari, ɓangaren rigakafi da awon yara. Kullum da lissafi a hannuna: kwalba nawa za a fitar daga firji in kowace tana yi wa yara goma, maganin da ya dace da nauyin yaro, kashi nawa cikin ɗari na yaran unguwa muka samu a wata. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Ranar da na ji labarin, tabarmar nan da aka naɗe a kusa da ni ce ta faɗo mini a rai.

Watan jiya wata mata ta kawo jaririnta awo, tare da babbar 'yarta mai shekara goma sha uku da ke riƙe mata jaka. Na tambayi yarinyar ajinta nawa, ba ta amsa ba sai da ta juyo da gefen fuskarta. Uwar ta ce, "Rabu da ita Malama, tun da ta yi zazzaɓi bara ta zama haka, ga taurin kai, makaranta ma ta lalace, lissafi sifiri take kawowa." Na ajiye abin da nake yi. Na zagaya bayan yarinyar na kira ta a hankali ta dama, ta waiwayo. Na koma ta hagu na kira, ba ta motsa ba. Na rubuta musu takardar zuwa ganin likitan kunne, na tambayi uwar sunan makarantar da kuma ranar da suke da lissafi. Ta ce Litinin, darasin farko. Ranar Litinin na nemi izinin awa ɗaya a wurin aiki, ƙarfe bakwai da rabi ina bakin ofishin shugabar makarantar da yarinyar a hannuna.